Darasin Filaya

Ranar da aka liƙa takardar a ƙofar sashen gashin ƙashi, Auta na durƙushe tana matse tsumma a bokiti. Doguwa, abokiyar shararta, ita ta karanta mata: sabuwar likitar da asibiti ya ɗauko daga waje tana neman mataimakiya ɗaya, gwaji nan da mako uku, wadda ta ci za a ba ta farar riga da ɗaki a gidajen ma'aikata.

Zancen farar riga ta saman kan Auta ya wuce. Ɗakin ne ya tsaya mata a rai.

Shekarunta talatin da huɗu, ba ta taɓa kwana a ɗakin da makullinsa ke hannunta ba. Shekara shida ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mahaifinta, yayyenta maza uku suka zauna a falo suka yanke cewa ita ta fi dacewa da jinya, tunda ba miji gare ta ba, ba ɗa. Tun daga lokacin katifarta na ƙasa, gindin gadonsa. Ta wanke shi, ta juya shi, ta zubar da fo, ta tafi asibiti ta goge ƙasan da wasu suka ɓata, ta dawo ta tarar shi ma ya ɓata nasa.

Matsala ɗaya ce: likitar ko "sannu" ba ta ji da Hausa. Doguwa, wadda ta yi sakandare, ta ce ba dogon Turanci ake nema ba. Idan mara lafiya na koyon tafiya tsakanin ƙarafa biyu na dafawa ya tafi zai faɗi, babu lokacin neman tafinta. Likita za ta jefo kalma ɗaya, hannunki ya amsa nan take. Kalmomin hannu ke nan, irin su kama, riƙe, damƙa. Auta ta roƙe ta ta koya mata. Doguwa ta ce ita ma ta ba da sunanta, kuma ƙannenta biyar ne ke taka mata kai a ɗaki guda, don haka kowa ya yi ta kansa.

Da Auta ta isa gida, ko takalmi ba ta cire ba ta kira babban yayansu a waya. Ta ce in har ta samu aikin nan sai wani ya karɓi Baba, don ɗakin na mutum ɗaya ne. Yaya ya tambayi yaren da za a yi gwajin da shi. Da ta ce Turanci, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya kira matarsa ta zo ta sha labari. Sannan ya ce ya amince, ga matarsa shaida: ranar da Auta ta ci jarrabawar Turanci, shi da kansa zai zo da mota ya ɗauki tsohon, har da gadonsa da fonsa.

Ta san abin da ya sa ya yi saurin amincewa. Amma alkawari ne, kuma gaban shaida aka yi shi.

Tana kashe wayar, muryar Baba ta fito daga ɗaki. Ashe komai a kunnensa.

"Ke. Ɗauko min baƙin littafin nan na saman kwaba."

Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da Turanci a makarantar unguwarsu, kuma ɗalibansa ne suka raɗa masa suna Filaya, wato ƙarfen nan na datse abu. Har yau akwai magidanta masu furfura da in sun haɗu da shi a keken guragu sai sun cusa hannu a aljihu kafin su gaishe shi. Shi a ganinsa kalmar da ta shiga ta kunne kafin a tashi daga aji ta zube, amma wadda ta shiga ta tsoka ba ta fita. Ƙa'idarsa ba ta taɓa canzawa ba: ya faɗi kalma, ya aikata ta a jikinka, ba zai saki ba sai ka maimaita ta daidai sau uku. In ka yi yunƙurin ƙwacewa ya ƙara ƙarfi. Ƙaramin yatsan Auta na hagu a karkace yake tun tana aji huɗu, ranar da aka zo kan kalmar murɗewa. A cikin makon ne ya cire ta daga makaranta, ya ce kanta dutse ne, ba zai ɓata sunansa a kanta ba.

Yanzu ga shi da kansa yana cewa zai koya mata. Ta tsaya da littafin a hannu tana kallonsa. Ta ce a ranta, wataƙila shi ma ya gaji da ganin fuskarta, yana marmarin gidan Yaya mai fanka uku da jikoki. Can ƙasan zuciyarta kuma akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da ta shekara ashirin da biyar tana jiran ya sake gwadawa.

Ta jawo kujera ta zauna.

Ciwon ya kashe masa hannun hagu, ya ɗan karkatar masa da baki, amma ya bar masa dama da harshe, kuma su biyun ne kayan aikinsa.

"Grab," ya ce.

Kafin ta gyara zama hannunsa ya wafto wuyan hannunta. Ƙashi ne da jijiya kawai, amma sai ta ji kamar an datse ta da ƙofar mota. Ya ce cafka ce ta gaggawa, ba sallama. Ta maimaita sau uku, ya ce ba haka ba, ta sake, ta sake, sai a na tara ya saki.

Haka suka tafi kullum da yamma, in ta dawo daga aiki. Grip, damƙar da ba sassauci a cikinta. Squeeze, matsi har sai jini ya gudu daga yatsu. Clutch, ƙanƙamewa irin ta wanda ruwa zai ci. Hold ma, da ta zata mai sauƙi ce, a wurinsa riƙo ne na ɗan sanda da ɓarawo. Ranar da zafi ya sa ta fizge-fizge tana neman ƙwace hannunta, ya yi murmushi da rabin bakinsa, ya ce madalla, abin nan da take yi shi ake kira struggle, ta samu kalma kyauta. Sannan ya ƙara matsawa.

Rabin darasin ke nan. A ɗaya rabin shi ke jefo kalma, ita kuma ta aikata a mataccen hannunsa. Hannun ba ya jin komai, don haka da ido yake aunawa: in ta saki bai ga sawun yatsunta huɗu sun nutse a fatar ba, to ba ta yi ba. Ya ce mata likitocin waje ba sa son hannu mai sanyi. Ya ce mara lafiya in ya fara mutsu-mutsu faɗuwa zai yi, maganinsa a ƙara damƙa. Ya ce kuma ta riƙe wannan da kyau: duk lokacin da likita ta maimaita kalma, ƙarfinki ne bai kai ba.

Auta da sassafe take goge sashen, kafin a fara shigo da marasa lafiya, ba ta taɓa tsayawa ta ga yadda ake aikin ba. Ta yarda. A duk unguwar wa ya kai Filaya sanin Turanci?

Ta koma sa riga mai dogon hannu saboda shatin da ke wuyan hannunta. A wurin aiki tana goge ƙasa tana bitar kalmomin a sandar gogewa, har rannan sandar ta tsage a hannunta. Doguwa ta ce in dai dambe za a yi a gwajin nan, ita ta janye tun yanzu.

Wata yamma, tana buɗe masa baƙin littafin, ta lura shafin da ke fuskantar nasu babu shi, sai ɗan guntun takarda a jikin zare. Ta tambaya. Ya ce ɓera ne, tun shekarun baya, ta mai da hankalinta kan abin da ke gabanta.

Ana gobe gwaji ya jefo mata kalmomi goma sha biyu a jere, gaba da baya, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ya daɗe yana duban sawun yatsunta a dantsensa.

"Ashe kan naki ba duka ne dutse ba," ya ce.

Ta shiga kicin ta kunna famfo don kada ya ji kukanta. A iya saninta, wannan ne yabo na farko da ya taɓa fitowa daga bakinsa zuwa gare ta.

Su biyar ne a benci, ƙofar sashen. Sista, shugabar ma'aikatan jinya, ta yi musu bayani: ɗaya bayan ɗaya za a shiga, a rufe ƙofa, daga likita sai mara lafiya, kuma ba Hausa a ɗakin, ita kanta a waje za ta tsaya. Doguwa ta shiga ta fito tana share gumi, ta ce matar nan magana take kamar ana korarta. Auta ce ta huɗu.

Ta san ɗakin fiye da kowa, ita ta goge shi da safen nan: dogon madubi, katifu biyu masu rufin leda, ƙarafa biyu a jere. Tsakanin ƙarafan wata tsohuwar tela ce a tsaye, 'yar ƙanƙanuwa, an ɗaura mata faffaɗan bel a ƙugu. Ciwon da ya kawo ta asibiti ya ɗauke mata magana. Auta takan haɗu da ita a baranda in za ta tashi aiki, tsohuwar ta ɗaga mata yatsu biyu maimakon gaisuwa. Yau ma ta ɗaga mata.

Likitar mace ce mai tsayi, da gilashi a ido da agogo a hannu. Ta nuna bel ɗin ta ce hold. Kafin ta rufe baki Auta ta riƙe. Ta nuna ƙarfe ta ce grip. Auta ta damƙa. Likitar ta ɗaga gira, ta rubuta wani abu, ta ƙara sauri. Kalma na fita hannu na amsawa, ba tunani, ba jinkiri. A madubi Auta ta ga likitar na murmushi. Ta ga kanta ma, kuma a karon farko ta hango makulli a tafin hannunta.

Aka sa tsohuwar ta fara takawa. Taku ɗaya, biyu, uku. A na huɗu gwiwarta ta lanƙwashe.

"Grab her!"

Auta ta cafki wuyan hannun tsohuwar yadda aka cafki nata. Tsohuwar ba ta kai ƙasa ba, don likitar ta riga ta tare ta da bel. Amma hannun da ke cikin na Auta ba mataccen hannu ba ne. Tsohuwar ta buɗe baki, wani siririn sauti ya fito wanda ba kalma ba, ta fara fizge-fizge.

Struggle, in ji zuciyar Auta. Faɗuwa za ta yi. Ta ƙara damƙa.

Likitar ta faɗi wasu kalmomi biyu. Auta ta bi jerin goma sha biyun nan a kanta, gaba da baya, ba ta same su ba. Likitar ta sake faɗa, da ƙarfi. An maimaita. Ƙarfinta ne bai kai ba. Ta cije leɓe, ta zuba duk abin da mako uku suka tara mata a yatsu.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an karya busasshen tsinke ne a cikin tsumma.

Sai da Sista ta banko ƙofa ta daka mata tsawa ta ce ta saki, sannan yatsunta suka buɗe. Hannun tsohuwar ya faɗi a wata irin lanƙwasa da hannu ba ya yi. Ba ta dubi hannun ba, Auta take kallo, hawaye na bin ramukan fuskarta.

Abin da ya biyo baya da sauri ya wuce. Aka tura tsohuwar ɗakin hoto. 'Yarta, da ke jira a baranda, ta cakumi rigar Auta tana tambayarta me uwarta ta yi mata, sai da masu gadi biyu suka ɓamɓare ta. Sista ta karɓe katin aiki da makullin ɗakin tsintsiya, ta ce ta gode wa Allah da asibiti bai kira 'yan sanda ba, kuma kada a sake ganin ƙafarta a harabar, ko da shara.

A bakin get Doguwa ta cim mata da jakarta da ta manta. Auta ta tambaye ta abin da likitar ke ta faɗa, tunda har benci an jiyo muryarta.

"Let go," in ji Doguwa. "Saki ke nan. Ke, ko ɗan aji biyu ya san wannan. Wane irin malami ne ya koya miki kamawa bai koya miki saki ba?"

Tana cikin motar haya Yaya ya kira, labari ya riga ya kai masa. Ya ce ta yi haƙuri, wataƙila haka ne mafi alheri. Muryarsa wasai, irin ta wanda ya sauke kaya. Ya ƙara da cewa tunda yanzu ba aiki, ai Baba zai fi samun kulawa, shi dama zirga-zirgar nan tata ba ta kwanta masa ba.

Rana na tsaka ta shiga gida. Baba na jingine da filo, rediyo na magana a kan cikinsa. Ya dube ta sau ɗaya ya mai da ido kan rediyon. Bai tambaye ta yadda aka yi ba. Mutumin da ya yi mako uku yana murza mata hannu saboda wannan safiya, ko "yaya" bai ce ba.

Ɗakin na wari. Jikinta ya yi abin da ya saba: ta ɗebo ruwa, ta juya shi, ta zare zanen gado, ta jawo filon za ta canza masa riga. Wata takarda mai ninki huɗu ta zamo daga ciki ta faɗi a ƙafarta.

Gefenta a yage yake, sabuwar yaga, ba cin ɓera ba. Rubutunsa ne na da, mai kyau, a tsaye kamar sojoji: Turanci a hagu, Hausa a dama. Ba ta buƙaci Turancin ba, aji huɗu ya ishe ta karanta na dama. Saki. Sassauta. A hankali. Tallafa. Daina. A layin farko ga kalmomi biyun nan da likitar ta yi ta faɗa.

Ta ɗaga takardar gabansa. Bai ko ƙifta ido ba. Ya rage muryar rediyo, ya ce ta rufe masa ƙafafu, iska na taɓa shi.

"Baba, na karya wa tsohuwa hannu."

"Zai ɗore."

"Ka san abin da zai faru."

"Na san ba za ki ci ba. Karaya kuma ƙarfinki ne, ba nawa ba." Ya gyara kansa a katifa. "Ke kin zata matar yayanki za ta zubar min da fo? Kwana uku za su yi su jefa ni ɗakin kaya, su sa mai gadi ya riƙa leƙa ni. Shekara shida kina nan, kin san inda ke min ciwo, kin san yadda nake shan shayina. Sai in zauna ina kallo ki tafi saboda wani ɗaki?"

Ta tuna yabon jiya, da famfon da ta kunna. Ta tambaye shi ko shi ma cikin shirin ne. Ya ce a'a, wannan gaskiya ne, ta fi yayyenta duka saurin ɗauka, tun tana ƙarama ya gane haka. Amma gida na buƙatar mutum ɗaya da ba zai je ko'ina ba.

Takardar ta sulale daga hannunta. Ba ta san lokacin da ta zagaya ɓangaren dama na gadon ba. Ta cafki wuyan hannunsa mai rai, hannun da yake cin abinci da shi, yake murɗa rediyo da shi, hannun da ya karkatar mata da yatsa. Ta damƙa yadda ya koya mata. Ta ji ƙananan ƙasusuwan suna motsi ƙarƙashin yatsunta, kuma yanzu ta san daidai inda suke bari.

Fuskarsa ta yamutse. Ya yi yunƙurin ƙwacewa, ta ƙara. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Let go," ya ce, da kyakkyawan lafazin nan nasa.

"Sau uku, Baba. Ƙa'ida ce."

Ya faɗa sau uku, kowanne daidai.

"Ba a koya min wannan ba," ta ce.

Numfashinsa na fita da ƙyar, amma sai ga rabin murmushin nan ya dawo.

"To karya. Gobe ke za ki riƙa ba ni abinci a baki da cokali, ke za ki share min hanci. Karya mana."

Ta tsaya. Ta duba maganar ta kowane gefe, yadda ta duba jerin kalmomi da safe, ba ta sami inda ya yi kuskure ba. Yatsunta suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Sawunsu huɗu sun nutse a fatarsa, farare, sannan jini ya dawo. Ya ɗaga hannun ya duba su, kamar mai duba aikin gida.

"Shayi," ya ce. "Kada ki cika sukari."

Ta shiga kicin ta dafa. Ta haɗa shi yadda yake so, a kofinsa mai mariƙi, ta ɗan fifita don kada ya ƙona masa baki. Ta dawo da shi a faranti. Ƙaramin teburinsa kullum a dama yake. Ta ɗauke shi ta zagaya da shi hagu, ɓangaren mataccen hannun, ta ajiye kofin a kai, ta auna da ido, ta ƙara janye teburin kamar faɗin tafin hannu.

Sannan ta jawo kujerar darasi ta zauna, ta ɗora hannuwanta a cinya.

Ya dube ta, ya dubi kofin. Ya miƙa hannun dama ta saman ƙirjinsa, bai kai ba. Ya yunƙura zai juya, rabin jikinsa ya ƙi bin sa. Ya kama zanen gado ya ja, ya koma, ya sake yunƙurawa, yatsunsa na buɗewa suna rufewa a iska, tsakaninsu da mariƙin kofin bai fi yatsa biyu ba. Tururin shayin na raguwa.

"Baba," ta ce a hankali, "abin nan da kake yi, me sunansa da Turanci?"

Ya sake miƙa hannu.

Ta gyara zama. Ba inda za ta je yau, ba inda za ta je gobe.